Tsohon laifi da sabon aikin jami'a: in ɓoye ko in janye?

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka tun ina ɗalibi. Na kammala digirin digirgir a kimiyyar sinadarai, na yi 'yan shekaru ina bincike a ƙarƙashin wani farfesa, yanzu kuma wata jami'ar gwamnatin jiha ta yi mini tayin aikin koyarwa, irin wanda in mutum ya yi ƙoƙari zai zama na dindindin. Sai dai tayin yana da sharaɗi: sai an binciki tarihina a ga ko na taɓa aikata laifi. Sun aiko da fom, a ciki har da tambayar ko kotu ta taɓa samuna da laifi. Malam, shekara 13 da suka wuce, ina ɗan shekara 22, rigima ta haɗa ni da wani mutum a wurin ajiye motoci, na naushe shi ya faɗi ya ji rauni a muƙamuƙi. Na amsa ƙaramin laifin duka a kotu, aka ci ni tara, aka yi mini ɗaurin talala na shekara ɗaya. Tun daga ranar ban sake shiga hannun hukuma ba. Abokina ya ce in rubuta "a'a", wai abin ya tsufa, kuma an rubuta sunana da kuskure a takardun kotu, kuma abin da Allah Ya rufa bai kamata in tona da hannuna ba. Zuciyata kuma tana ce mini in janye kawai kafin in ji kunya. Matata ba ta san da wannan magana ba, haka ma farfesan da ya tsaya mini. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah Ya sanya albarka a karatun da ka yi, Ya kuma yaye maka wannan damuwa.

Bari in fara ba ka amsa kafin in shiga bayani, domin na san wanda barci ya ƙaurace wa ba ya son dogon zagaye. Kada ka janye, kuma kada ka rubuta "a'a". Ka samo takardun shari'arka, ka amsa tambayar da gaskiya daidai yadda aka yi ta, ka haɗa da gajeren bayani. A ganina wannan ce kaɗai hanyar da za ka iya samun aikin kuma ka zauna a cikinsa hankali kwance.

Na san abokinka da kyakkyawar niyya ya yi magana, amma shawararsa ita ce mafi hatsari a cikin duk abin da ke gabanka, don haka da ita zan fara. Kamfanonin da jami'o'i ke ba wa wannan aiki ba sunanka kaɗai suke dubawa ba. Da lambar shaidarka ta inshorar al'umma, wato lambar Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa, suke farawa, ita ce ke fito musu da adireshin da ka taɓa zama da kuma sunayen da aka taɓa rubutawa a jikin lambar. Daga nan su bi kotunan gundumomin da ka zauna, su haɗa suna da ranar haihuwa. Wasu jami'o'in ma zanen yatsa suke ɗauka su aika wa hukumar FBI, kuma idan an kama ka an kai ka ofishin 'yan sanda, mai yiwuwa ne an ɗauki naka a lokacin. Harafi ɗaya da akawun kotu ya karkata ba zai kare ka daga wannan ba.

Batun cewa abin ya tsufa kuwa, na gane inda ya samo shi. Akwai dokar tarayya ta 1970 da ke kula da kamfanonin tattara bayanan mutane, kuma a cikinta akwai iyakar shekara 7. Amma wannan iyaka ta shafi kamun da bai kai ga hukunci ba ne, kuma ko ita ba ta aiki idan albashin aikin ya kai dala 75,000 a shekara. Hukuncin kotu, wato inda aka samu mutum da laifi ko ya amsa da bakinsa, dokar tarayya ba ta sanya masa wa'adi ba. Wasu jihohi, irin su Kalifoniya, sun ƙara tasu iyakar ta shekara 7 har a kan hukuncin. To amma ko a can, abin da kamfani zai iya kawowa daban, abin da kai ka sa hannu a kai daban.

Nan ne babban ramin yake. Kusan kowane irin wannan fom yana da layi a ƙasa da ke cewa duk wanda ya ba da bayanin ƙarya za a iya janye tayin, ko a sallame shi a duk lokacin da aka gano. Ka lura da wannan "duk lokacin". Laifin da ka yi yana ƙara tsufa kowace shekara, yana rage nauyi a idon masu dubawa. Ƙaryar da za ka rubuta kuwa sabuwa za ta kasance a duk ranar da aka bankaɗo ta. A 2007 Marilee Jones, shugabar sashen ɗaukar ɗalibai ta jami'ar MIT, ta ajiye aikinta saboda an gano digirorin da ta ce tana da su lokacin da ta nemi aiki a 1979 babu su. Shekara 28 tana aiki, ana yabonta, amma hakan bai cece ta ba. Jami'a wuri ne da jarinsa amana ne. Kai da za ka riƙa sa hannu a sakamakon gwaji, kana ba ɗalibai maki, kana karɓar kuɗin bincike, idan aka same ka da ƙarya a takardar farko, ba wanda zai tsaya tambayar girman abin da ka ɓoye. Za su ce wanda ya yi wannan, me kuma ya canza a ɗakin gwaji?

Maganar rufin asiri da ya kawo ba zan yi watsi da ita ba, domin gaskiya ce a muhallinta. Ba a ce ka hau mumbari ka ba da labarin kuskuren ƙuruciyarka ba, kuma ba kowa ke da haƙƙin sani ba. Ɗalibanka ba su da shi, abokan aikinka ba su da shi. Amma wanda zai ba ka amanar 'ya'yan mutane ya tambaye ka a rubuce, ka sa hannu cewa abin da ka faɗa gaskiya ne. Yin shiru a inda ba a tambaye ka ba sutura ce. Cewa "a'a" a inda amsar "i" ce kuwa ƙarya ce, kuma albashin da za ka ci bayanta zai riƙa yi maka tsaye a rai.

Yanzu ga janyewar. Ina jin a cikin wasiƙarka kamar ka ɗauka an kafa wannan bincike ne domin a kama irinka. Ya kamata ka san daga ina ya fito. A da, yawancin jami'o'in Amurka ba sa yi wa malamai irin wannan bincike. Takardun karatu da wasiƙun shaida daga manyan malamai su ne tantancewar. A 2003 aka gano cewa wani malami a jami'ar Penn State mai suna Paul Krueger ya kashe masunta uku a jihar Teksas a 1965 yana matashi, an yanke masa ɗaurin rai da rai, aka sake shi bisa sharaɗi a 1979, ya yi karatu har ya kai digirgir, jami'ar kuma ta ɗauke shi ba ta sani ba. Labarin ya girgiza jami'o'i, da yawa suka fara bincike. Sai kuma abin kunyar Jerry Sandusky, tsohon mai horar da 'yan wasa a wannan jami'ar, wanda ya fashe a 2011 kan cin zarafin yara, ya sa jihar Pennsylvania, inda jami'ar take, ta tsaurara dokokin tantance masu hulɗa da yara a 2014. A jami'ar Illinois kuma, hayaniyar da aka yi a 2014 kan James Kilgore, wanda ya yi zaman gidan yari saboda laifukan da ya aikata yana cikin wata ƙungiyar 'yan bindiga a shekarun 1970, ita ta share fagen tsarin binciken da hukumar jami'ar ta amince da shi a 2015, duk da ƙorafin malamai da yawa.

Ka ga irin abubuwan da suke tsoro: kisa, lalata da yara, tarzoma da makami, sai kuma satar kuɗin hukuma. Tsoron nan ban ga laifinsa ba. Wanda ya kai 'yarsa jami'a yana da haƙƙin a san wa aka ba ta a hannu. Abin da nake ƙi shi ne tarun da aka saƙa domin manyan kifaye ya zama yana kwashe ƙanana, ya sa mutum kamarka, wanda ya biya bashinsa tun tuni, ya ji kamar ba shi da wurin zama. Malaman jami'a da kansu sun hango haka. A 2004 ƙungiyarsu ta ƙasa, AAUP, ta fitar da matsaya cewa binciken ya zama daidai gwargwadon buƙatar aikin, kuma idan za a yi shi, mai neman aiki ya ba da izini a rubuce, a ba shi kwafin abin da aka samo, kuma kada a yanke hukunci a kansa sai an ji ta bakinsa.

A yau tsarin da jami'o'i da yawa suka rubuta ya ginu ne kan jagorar da hukumar daidaito wajen ɗaukar aiki, EEOC, ta fitar a watan Afrilun 2012. Jagorar ta ɗauko ma'auni uku daga wata tsohuwar shari'a ta shekarun 1970 tsakanin wani mutum mai suna Green da kamfanin jirgin ƙasa na Missouri Pacific: girman laifin da yanayinsa, tsawon lokacin da ya wuce, da alaƙarsa da aikin da ake nema. Ta kuma ce a dubi kowane mutum shi kaɗai, kada a yi wa kowa kuɗin goro. Ka auna kanka da waɗannan. Laifinka ƙarami ne a rarrabewar kotu, sau ɗaya ne, ba a kai ka gidan yari ba. Shekara 13 sun wuce. Bai shafi yara ba, bai shafi kuɗi ba, bai shafi ƙarya a ilimi ba. A 2009 masana biyu, Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura, sun bi diddigin mutanen da aka fara kamawa a jihar Niyok a 1980, suka ga cewa wanda ya yi kimanin shekara 4 zuwa 8 bai sake komawa ba, gwargwadon irin laifin, yiwuwar a sake kama shi tana saukowa ta yi daidai da ta sauran jama'a sa'anninsa. Kai ka wuce wannan zango da nisa. Masu rubuta tsarin jami'o'i sun san wannan bincike.

Ba zan yi maka daɗin baki ba, hatsarin yana nan. Laifin duka ne, kuma kalmar nan kaɗai tana sa gaban wasu ya faɗi. Akwai kuma launin fata. A binciken da Devah Pager ta wallafa a 2003, inda ta tura matasa neman ƙananan ayyuka a birnin Milwaukee, farar fata marar tarihin laifi an kira shi a kashi 34 cikin ɗari na wuraren, mai tarihi a kashi 17. Baƙar fata marar tarihi kashi 14, mai tarihi kuwa kashi 5 kacal. Alƙaluman nan suna da ɗaci, kuma duk wanda ya ce maka an daina wannan bai faɗa maka gaskiya ba. Amma ka lura, waɗancan matasa a bakin ƙofa aka mayar da su, ba wanda ya san su. Kai ka riga ka shige ciki. Sun karanta bincikenka, sun ji laccarka, sun zauna da kai, sun zaɓe ka a kan wasu, sun kuma ɓata watanni kafin su kai ga wannan. Dalilin da ya sa aka yi ta gwagwarmayar a jinkirta wannan tambaya har sai bayan tayin aiki ke nan, tun daga jihar Hawai a 1998, domin a fara ganin mutum kafin a ga laifinsa. Idan ka janye yanzu, kai ne ka yanke wa kanka hukuncin da su ba su yanke ba tukuna.

To ga abin yi, kuma gobe da safe za ka fara. Ka tuntuɓi ofishin akawun kotun da aka yi shari'ar ka nemi kwafin hukuncin mai hatimi. Mutane da yawa ba su san ainihin abin da ke rubuce a fayil ɗinsu ba. Abin da suka tuna shi ne abin da lauya ya raɗa musu a gurguje a baranda. Wataƙila abin da ka amsa ya bambanta da abin da 'yan sanda suka fara tuhumarka da shi. A wasu jihohi ma akwai tsarin da idan mutum ya gama ɗaurin talala lafiya ake soke ƙarar ba tare da an rubuta hukunci ba. Sai takardar ta zo hannunka za ka san a wane aji kake. Ka nemi shaidar cewa ka biya tarar kuma ka cika wa'adin. Idan kwanakin da aka ba ka ba za su isa ba, ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata ka nemi ƙarin 'yan kwanaki domin tattara takardu, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Da takardar a hannu, ka biya kuɗin zama ɗaya da lauyan da ya san dokar jihar da aka yi shari'ar da ta jihar da jami'ar take. Abu biyu za ka tambaye shi. Na farko, ko laifinka yana cikin waɗanda kotu ke iya sharewa ko rufewa, domin jihohi da yawa suna yin haka ga ƙananan laifuka bayan wasu shekaru. Wataƙila ba zai kammala kafin wannan aikin ba, amma ka fara, zai amfane ka nan gaba. Na biyu, ya karanta tambayar da ke cikin fom ɗin tare da kai, kalma bayan kalma. Wani fom ɗin manyan laifuka kaɗai yake tambaya. Wani yana cewa a cikin shekara 7 ko 10 da suka wuce. Wani kuma yana cewa ka taɓa, babba ko ƙarami. Idan tambayar ba ta haɗa da naka ba, amsar "a'a" gaskiya ce, ba ka ci amanar kowa ba. Yadda ka kawo ta a wasiƙarka dai, ta haɗa da kai, don haka amsarka "i" ce.

Ba ka faɗa mini matsayin takardun zamanka ba. Idan har yanzu da biza kake, ko jami'ar ce za ta nema maka izinin zama na dindindin, to ka ga lauyan shige da fice kafin ka sa hannu a komai. A wurin hukumar shige da fice, laifin da kotun jiha ta share yawanci yana nan a matsayin hukunci, kuma fom ɗinsu yana tambaya har da kamun da bai kai ga komai ba. Abin da ka rubuta wa jami'a da abin da ka taɓa rubuta musu dole su zo daidai.

Sannan ka nemo tsarin jami'ar ka karanta. Jami'ar gwamnati ce, irin wannan takarda a fili take a shafinsu na intanet. Ka duba wa ke ganin sakamakon. A jami'o'i da yawa rahoton yana tsayawa ne a sashen kula da ma'aikata da ɗan ƙaramin kwamiti, wani lokaci da lauyan jami'a ko ofishin mataimakin shugaba, su kuma sashen da za ka koyar abin da ake gaya musu kawai shi ne an wanke ka ko ba a wanke ka ba. Kunyar da kake hangowa, ta shiga taron malamai kowa yana kallonka, mai yiwuwa ba za ta taɓa faruwa ba.

Bayanin da za ka haɗa da fom ɗin shi ne wurin da mutane suka fi yin ɓarna, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Kada ya wuce rabin shafi. Kada ka sake yin shari'ar. Na tabbata kana da labarin abin da mutumin ya faɗa maka da wanda ya fara zagi, amma duk layin da ka kashe a kan laifinsa, mai karantawa zai ji kamar har yanzu ba ka karɓi naka ba. Ga irin abin da nake so su gani, ka mayar da shi cikin kalmominka: "A shekara kaza, ina da shekara 22, na doki wani mutum a cikin rigima na ji masa rauni. Na amsa laifina a kotu kaza, na biya tara, na kammala ɗaurin talala na shekara ɗaya ba tare da matsala ba. Abin da na yi kuskure ne kuma ni ke da alhakinsa. Tun daga lokacin ba a sake tuhumata da komai ba. Na yi shekaru kaza ina koyar da ɗalibai da kula da su a ɗakin gwaji, kuma ga mutanen da za su iya ba da shaida a kaina. Na haɗa da takardun kotu." Shi ke nan. Kada ka roƙa, kada ka yi kuka a takarda, kada kuma ka ƙawata. Mutumin da ya karanta wannan kafin rahoton kamfani ya iso, idan rahoton ya zo zai ga abin da ya riga ya sani ne.

Ka san haƙƙinka idan abin ya karkata. Dokar nan ta 1970 ta ce kafin mai ɗaukar aiki ya janye tayi saboda rahoton kamfani, sai ya fara aiko maka da sanarwa, da kwafin rahoton, da takardar da ke bayyana haƙƙoƙinka. Ka karanta rahoton da idon basira. Kurakurai suna da yawa a wannan sana'a: a rubuta tuhumar farko a matsayin hukunci, a maimaita laifi ɗaya sau biyu, a ɗora wa mutum laifin mai suna irin nasa. Masu sunayen da mutane da yawa ke amsawa, kuma ake rubuta su ta fuska uku ko huɗu, sun fi kowa faɗawa cikin wannan. Idan ka ga kuskure ka kai ƙorafi ga kamfanin a rubuce, doka ta ba su kwana 30 su sake bincike, ka kuma sanar da jami'ar a ranar. Wasu jihohin sun ƙara kariya. A Kalifoniya dokar da ta fara aiki a 2018 ta ba mai neman aiki aƙalla ranakun aiki 5 ya ba da amsa kafin a yanke hukuncin ƙarshe. A Niyok akwai dokar da ta hana ƙin ɗaukar mutum saboda tsohon hukunci sai in laifin yana da alaƙa kai tsaye da aikin ko akwai hatsari na zahiri. Wani abu kuma: kada ka ajiye aikin da kake yi yanzu, kada ka saki gidan da kake haya, sai ka ga takardar da ta ce sharaɗin ya cika.

Farfesanka, ni a ganina ka gaya masa. Ba dole ba ne, amma mutum ne da ya sa sunansa a kanka, ya kuma ga halinka shekara da shekaru, ya ga yadda kake yi idan gwaji ya lalace ko ɗalibi ya ɓata maka rai. Shaidarsa a kan haƙurinka ta fi duk abin da kai za ka faɗa game da kanka. Ka same shi a ofis ka rufe ƙofa, ka faɗa masa cikin jimla uku, ka tambaye shi ko zai yarda a kira shi idan an buƙata. Idan daga wani waje ya ji, abin da zai dame shi shi ne ba ka amince da shi ba.

Na bar maganar iyalinka ƙarshe domin ita ta fi damuna. Ka rubuta ta a layi ɗaya kamar ƙarin bayani, amma ina zargin rabin rashin barcinka daga nan yake. Dakta, matar nan tana kwana kusa da kai, tana ganin kana juyi, ta ga ka daina murnar aikin da kuka daɗe kuna addu'a a kansa. Kana tsammanin ba ta lura ba? Ta lura, kuma tun da ba ka faɗa mata ba, zuciyarta tana saƙa mata abubuwan da suka fi gaskiyar muni. Idan ka janye, me za ka ce mata? Sai ka ƙirƙiro dalili, ka ga ƙaryar da ka guje wa a fom ta shigo cikin gida. Idan kuma wasiƙar kamfani ta zo ta akwatin gidan waya ta riga ka buɗewa fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zaunar da ita kafin ka aika da fom ɗin, ka faɗa mata abin da ya faru, ka faɗa mata dalilin da ya sa ka yi shiru, wato kunya. Wataƙila ta ji zafin ɓoyewar fiye da na labarin, ta ce me ya sa sai yanzu. Tana da gaskiya, kada ka kare kanka, ka ba ta haƙuri ka bar ta ta huce. Ita ta fi kowa sanin ko kai mai ɗaga hannu ne ko a'a, domin ta zauna da kai a fushi da farin ciki. Kuma wannan hijira da za ku yi zuwa wani gari, da ita za a yi, tana da haƙƙin sanin cewa tayin bai tabbata ba tukuna.

Akwai tambayar da ba ka yi ba amma zan taɓa ta. Mutumin da ka ji wa rauni, ka taɓa neman yafiyarsa? Kotu ta karɓi haƙƙin hukuma, nasa yana nan. Idan akwai umarnin kotu da ya hana ka tuntuɓarsa, kada ka kusance shi, kuma ko babu, yanzu ba lokacinsa ba ne, kada a ga kamar saboda aikin kake yi. Bayan komai ya lafa ka tambayi lauyanka ko akwai hanyar da ta dace ka aika masa da 'yan layuka. In babu hanya, ka riƙa sa shi a addu'a.

Idan kuma ka yi duk wannan suka janye tayin, zai yi ciwo, ba zan ce ba zai yi ba. Amma ba za a rubuta ka a matsayin maƙaryaci ba, kuma ƙofar sauran jami'o'i tana nan. Stanley Andrisse an yanke masa shekara 10 a jihar Missouri kan safarar ƙwaya, ya fito ya yi digirgir, ya zama malami a tsangayar likitanci ta jami'ar Howard yana bincike kan ciwon suga, kuma bai ɓoye tarihinsa ba. Laifinsa ya fi naka nauyi nesa ba kusa ba. In hakan ta faru, ka nemi su ba ka dalilin a rubuce, ka kai wa lauyanka ya duba ko sun bi tsarin da suka rubuta da hannunsu da dokar jiharsu, ka kuma tambayi ƙungiyar malaman jami'ar ko akwai hanyar ɗaukaka ƙara. A lokaci guda ka ci gaba da neman share fayil ɗin, domin a jihohi da yawa, da zarar kotu ta share, doka ta ba ka damar amsa "a'a" ga yawancin masu ɗaukar aiki.

Idan takardar kotun ta zo ka ga wani abu da ya bambanta da abin da ka gaya mini, ka sake rubuto mini mu duba tare. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya daidaita tsakaninka da iyalinka.